Tambaya da Amsa: Wace Jiha Zan Koma Domin Farautar Ragon Daji?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikacin jinya ne a birnin Houston na jihar Teksas, shekaruna 41, ina da mata da 'ya'ya uku, kuma ina riƙe da katin zama na dindindin a Amurka. Mahaifina maharbi ne a ƙauyenmu, tun ina ƙarami nake bin sa daji, saboda haka da na zo nan na yi kwas ɗin da doka ta buƙata, na yanki lasisi, yau shekara shida ina farautar barewa. Burina shi ne in harbi ragon daji na kan tsaunuka ko da sau ɗaya ne a rayuwata. Shekara uku ke nan ina shiga ƙuri'a a jihohin yamma a matsayin baƙo, ban taɓa dacewa ba. Aikina ana nemansa ko'ina, har na samu tayi daga asibitoci a Reno ta jihar Nebada, da Billings ta jihar Montana, da Anchorage ta jihar Alaska. Wace jiha ce za ta fi kusantar da ni ga wannan buri idan na kwashe iyalina na koma can? (Daga wani mai karatu a Houston)

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Bari in fara ba ka amsar a taƙaice, bayani ya biyo baya. Idan ragon kaɗai za a aza a sikeli, tayin Anchorage ne ya kamata ka karɓa, domin a cikin garuruwa ukun da ka lissafa, can ne kaɗai mazauni yake saɓa bindigarsa ya hau manyan sassa na duwatsun jihar kowace shekara ba tare da ya jira ƙuri'a ta faɗo kansa ba. Sauran biyun za su matsar da kai gaba kaɗan a cikin layin da ka riga ka shiga, amma ba za su fitar da kai daga layin ba, in ban da wata 'yar ƙofa a Montana da zan yi bayaninta.

Dalilin yana cikin yadda ake raba takardun izini. A lissafin mafarauta, tumakin daji na Arewacin Amurka iri huɗu ne: fararen tumakin Dall na Alaska da arewa maso yammacin Kanada, da tumakin Stone masu duhun jiki na arewacin British Columbia, da masu ƙaton ƙaho na tsaunukan Rocky, sai 'yan'uwansu na hamada da ke Nebada da Arizona da Meziko. Biyun ƙarshe su ne kake nema a ƙuri'a, kuma su ne suka yi mummunar raguwa tun ƙarni na 19 saboda harbi ba ƙaidi da kuma ciwon huhu da suke ɗauka daga tumakin gida, ciwon da har gobe yake iya durƙusar da garke guda a hunturu ɗaya. Shi ya sa kowace jiha takardu kaɗan take fitarwa a shekara, daga 'yan gomomi zuwa 'yan ɗaruruwa, alhali masu nema dubbai ne. A cikin wannan kaɗan ɗin ma baƙo ba ya samun fiye da kashi 10 cikin 100 a Montana da Idaho. Wyoming, wadda a da take ba baƙi kashi 25, ta rage musu zuwa kashi 10 tun 2023. New Mexico kuwa tana ware wa mazaunanta kashi 84. Don ka san darajar abin da kake nema, a 2013 an yi gwanjon takarda guda ɗaya ta jihar Montana a kan dala 480,000.

Abin da yawancin sababbin shiga ba sa lura da shi da wuri shi ne tsarin maki. A jihohin da ke bin wannan tsari, duk shekarar da mutum ya nema bai samu ba, ana rubuta masa maki ɗaya, kuma Nebada da Montana suna ninka makin mutum da kansa kafin a jefa ƙuri'a, ta yadda mai maki 20 sunansa zai shiga tukunya sau 400, kai mai maki 3 naka ya shiga sau 9. Wyoming ta fi tsanani, domin kashi 75 na takardunta tana miƙa su ne kai tsaye ga waɗanda suka fi kowa yawan maki, kuma an fara wannan tarin tun 1995, lokacin da kake yaro kana bin mahaifinka daji. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Ƙaura tana sauya maka rukunin da kake fafatawa a ciki, daga na baƙi zuwa na 'yan gida, amma ba ta dawo maka da shekarun da ba ka tara ba.

Duk da haka ban raina Reno ba. In ban da Alaska, babu jihar da ta kai Nebada yawan tumakin daji, kusan kashi 80 na ƙasarta mallakar gwamnatin tarayya ce wadda kowa ke iya shiga, wata 6 na zama ya isa a lissafa ka cikin mazauna, kuma kamar Teksas, jihar ba ta cire harajin albashi. Busasshiyar ƙasarta ma ba za ta zama baƙuwa ga ɗan Arewa ba. Akwai ƙungiyoyin sa kai da ke hawa duwatsu suna gina matattarar ruwan sama domin tumakin su samu abin sha a bazara, kuma shiga cikinsu hanya ce mai kyau ta sanin daji da mutanensa. Sai dai takardar ragon tana nan a bayan ƙuri'a, kuma mutum yana iya tsufa a Reno yana jiran ta.

Billings tana da wani abu da babu irinsa a sauran jihohin da ke kudu da Kanada. A tsaunukan Absaroka da Beartooth, arewa da gandun dajin Yellowstone, Montana ta bar wasu 'yan yankuna da ba a ƙayyade yawan mafarautansu ba, wato duk wanda ya nemi takardar a kan lokaci zai samu, mazauni ne ko baƙo. Abin da aka ƙayyade shi ne yawan ragunan da za a harba, biyu ko uku a kowane yanki, kuma da zarar adadin ya cika, sai a rufe farautar cikin ɗan gajeren lokaci. Ƙasa ce mai tsananin wuya, ga tsawo, ga ƙanƙarar da ke iya sauka tun a Satumba, ga manyan beyar, ga tumakin kansu kaɗan ne a warwatse, kuma yawancin masu shiga hannu rabbana suke fitowa. Amfanin zama a Billings shi ne za ka iya kwashe ƙarshen makonnin bazara kana leƙen waɗannan duwatsu har ka san inda ragunan suke kwana, sannan kuɗin takardarka ya sauko daga dala 1,250 zuwa 125. Amma ka lura cewa ba sai ka yi ƙaura ba kafin ka gwada wannan, daga Houston ma kana iya nema. Kuma da a ce dole ne ka tsaya a waɗannan jihohi, da na ce ka nemi aiki a Idaho, domin ita ba ta lissafin maki ko kaɗan, sabon shiga da tsohon hannu kowa sau ɗaya sunansa ke shiga tukunya, sannan wanda ya nemi rago ba ya da damar shiga ƙuri'ar barewa a wannan shekarar, abin da ke rage cunkoso sosai.

Alaska kuwa lissafinta daban ne. Wanda ya yi wata 12 a jere yana zaune a jihar da niyyar mayar da ita gida, kuma ba ya iƙirarin zama a wata jiha, hukumar kifi da namun daji tana ɗaukarsa mazauni, ko da bai zama ɗan ƙasar Amurka ba tukuna. Daga nan abin da yake buƙata shi ne lasisin shekara, wanda bai kai dala 50 ba, da tikitin farautar rago da ake bayarwa kyauta. Da waɗannan biyun yana iya shiga manyan sassa na tsaunukan Brooks, da Alaska Range, da Wrangell, da Talkeetna, daga 10 ga Agusta zuwa 20 ga Satumba, bana da baɗi da baɗin-baɗaɗa. Akwai yankunan da ake rububinsu, irin su Tok da tsaunukan Chugach da ke bayan Anchorage, waɗanda su ma sai da ƙuri'a, amma wanda bai ci ba yana da inda zai nufa. Kwatanta wannan da matsayinka na yau: doka ta wajabta wa baƙo ɗaukar ɗan jagora mai rajista, sai fa idan yana da makusanci kamar uba ko wa ko ƙane mazaunin jihar da zai raka shi, kuɗin jagoran ba kasafai yake gaza dala 25,000 ba, kuma rago ɗaya kawai aka yarje masa a cikin shekara huɗu.

Sai dai samun izini daban, samun rago daban. A yawancin yankunan, ragon da ya halatta a harba shi ne wanda ƙahonsa ya naɗe ya yi cikakken zagaye, ko ya kai shekara 8 bisa ƙirgen gaɓoɓin ƙahon, ko kuma bakin ƙahonsa duka biyu ya karye. Wanda ya yi kuskure za a gane shi, domin dole ne a kai ƙahon ofishin hukuma a buga masa hatimi cikin kwana 30, kuma hukuncin ya haɗa da tara da ƙwace abin da aka harbo.

Na taɓa raka wani abokin aiki mazaunin jihar zuwa tsaunukan Talkeetna, ni ba da bindiga ba, nawa ɗaukar kaya ne kawai. Kwana biyu muka yi muna tafiya da jakar goyo kafin mu kai inda tumakin suke, muna ratsa rafukan da ruwansu ke sare ƙafa don sanyi, muna kutsawa cikin sarƙaƙiyar da sai mutum ya sunkuya. A rana ta biyar, da hazo ya yaye, ya nuna mini wasu fararen ɗige-ɗige guda uku can saman wani gangare, waɗanda na rantse ragowar ƙanƙara ce har sai da ɗaya ya tashi ya yi miƙa. Muka yi kusan awa huɗu muna rarrafe a kan tsakuwa mai zamewa, muka kwanta ruf da ciki a bayan wani dutse, shi kuma ya kafa madubin hangen nesa yana ƙirga gaɓoɓin ƙahon babbansu, leɓensa yana motsi kamar mai jan carbi. Bakwai ya samu. Ya sake ƙirgawa ya samu bakwai, bakin ƙahon kuma saura kamar faɗin yatsu biyu ya rufe zagaye. Ya zare harsashin ya mayar aljihu, muka ci guzurinmu, muka kama hanyar sauka. Ko tsaki bai yi ba, abin da ya ce kawai shi ne baɗi ragon zai cika takwas. Wannan kalma ta baɗi ita ce abin da zama a Alaska yake saya wa mutum, kuma wanda ya zuba wa ɗan jagora kuɗin da ya shekara goma yana tarawa ba shi da bakin faɗinta.

Ba zan ɓoye maka ba, tumakin Alaska suna cikin wani hali a 'yan shekarun nan. An yi ta samun hunturu mai tsanani, da ruwan sama da ke zuba a kan dusar ƙanƙara ya daskare ya rufe ciyawa, 'yan raguna suka mutu da yawa, kuma ɗan ragon da ya mutu bana shi ne babban ragon da za a nema a rasa bayan shekara takwas. A 2022 an rufe wani sashe na tsakiyar tsaunukan Brooks ga kowa da kowa, a 2023 kuma aka rufe wani yankin farauta mai lamba 19C ga waɗanda ba mazauna ba. Ka ga ko a lokacin ƙunci, sau da yawa baƙo ake fara rufe wa ƙofa. Akwai kuma dokokin da ya kamata ka sani tun yanzu. Wanda ƙaramin jirgin sama ya sauke shi a daji ba ya harbi sai bayan ƙarfe 3 na asubar washegari, kuma an hana amfani da jirgi wajen neman inda tumaki suke a lokacin farauta. Dole ne a kwashe duk naman da ake ci, kuma ba a fitar da ƙaho a bar nama a baya, alhali nama da ƙaho da fata sukan kai kusan kilo 40 a bayanka, ban da tanti da bindiga. Wannan dokar ba za ta yi maka nauyi a zuciya ba, tunda malamanmu na Malikiyya tuni suka karhanta farautar wasa, kuma na san mahaifinka bai koya maka harbi don ado ba.

Yanzu ga abin da ya fi ragon nauyi. Farautar kwana 42 ce, shekara kuwa kwana 365, kuma uwargida da yara su ne za su zauna a sauran kwanakin. A tsakiyar hunturu hasken rana a Anchorage bai kai awa 6 ba, a tsakiyar bazara kuma yana haura awa 19, wanda ke nufin lokutan salla da azumi za su zama abin da sai kun zauna da malamai. Kayan masarufi sun fi na Houston tsada, tafiya gida ta ƙara nisa da kuɗi, kuma ko da yake akwai masallaci da jama'ar Musulmi a garin, ba za ka samu irin taron 'yan Najeriya da kasuwannin abincin gida da kuka saba da su ba. A ɗaya ɓangaren, jihar ba ta cire harajin albashi, kuma tana raba wa mazaunanta wani kaso na ribar asusun man fetur duk shekara, har da yara. Shawarata ita ce ka yi amfani da sana'arka ka ɗauki kwantiragin mako 13 irin na ma'aikatan jinya masu yawo, amma ka zaɓi Nuwamba zuwa Fabrairu, kada ka zaɓi Yuni lokacin da garin yake yaudarar baƙo da kyau. Ka kawo iyalin su yi ko mako biyu a cikin duhun da sanyin. Idan uwargida ta ce za ta iya, ka tafi, kuma ka fara horar da ƙafafunka tun yau, domin a shekara 41 gwiwoyinka suna da sauran aƙalla shekara goma masu kyau, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu ɗaya zan ja kunnenka a kansa. Kada wani ya ba ka shawarar kama adireshi ko akwatin gidan waya a Alaska alhali kana zaune a Teksas. Ƙaryar zama laifi ne da ake gurfanar da mutane a kansa, jihohi suna da yarjejeniyar da ke sa wanda aka soke wa lasisi a ɗaya ya rasa shi a sauran, kuma tsallaka iyakar jiha da dabbar da aka harba ba bisa ƙa'ida ba yana shigar da mutum ƙarƙashin dokar tarayya ta Lacey ta 1900. Ga mai katin zama da ke fatan zama ɗan ƙasa, ƙahon rago bai kai wannan kasadar ba. Kafin ka yanke shawara kuma, ka karanta amsar da na ba ɗan'uwanmu na Agadez a ƙasa, domin akwai rabonka a cikinta.

Tambaya: Malam, ina zaune a Toronto da izinin zama na dindindin. Mu a Kanada ina ne ya fi dacewa da mai irin wannan sha'awa? (Daga wani mai karatu a Toronto)

Amsa: Ɗan'uwa, ku kun fi na Amurka sa'a, sai dai Ontario ba ta da tumakin daji, dole ka nufi yamma. Mazaunin Alberta yana sayen lasisin rago mai ƙaton ƙaho ba tare da ƙuri'a ba a yankuna da dama na tsaunukan Rocky, kuma daga Calgary ko Hinton dutsen yana kusa da gida. Mazaunin British Columbia kuwa yana da buɗaɗɗiyar farautar tumakin Stone a arewacin lardin tun daga 1 ga Agusta, wato ragon da baƙo yake biyan ninkin kuɗin na Alaska kafin ya same shi, kuma garuruwan Fort St. John da Fort Nelson ne mashigarsa. Yukon ma tana buɗe wa wanda ya shekara a cikinta. Ni British Columbia zan zaɓa saboda tana da tumakin Stone da masu ƙaton ƙaho a lardi guda, amma ka fara mallakar lasisin riƙe bindiga na tarayya da kwas ɗin mafarauta na lardin, tunda duka biyun suna ɗaukar lokaci.

Tambaya: Malam, na ji an ce ana farautar ragon dutse irin namu na Abzin a Amurka. Gaskiya ne, kuma ta yaya ya je can? (Daga wani mai karatu a Agadez)

Amsa: Gaskiya ne, ɗan'uwa, shi ne dai wanda ka sani, mai launin ƙasa da dogon gashi da ke zubowa daga maƙogwaro zuwa ƙirji da ƙafafun gaba, mai iya daɗewa bai sha ruwa ba. Asalinsa duwatsun Arewacin Afirka da Sahara ne, daga Maroko zuwa Abzin da Termit a Nijar, da Ennedi da Tibesti a Chadi, har Sudan. An fara kai shi gidajen namun daji na Amurka, daga baya aka sake shi a daji a New Mexico a 1950, sannan a kwazazzabon Palo Duro na Teksas a 1957 da 1958. Ƙasar ta karɓe shi fiye da yadda aka zata, ya hayayyafa ya zama dubun-dubata, har ya zame wa ragon hamada na asalin wurin kishiya a kan ruwa da ciyawa, kuma yana ɗauke da ƙwayar ciwon huhun da ke kashe shi, ta kai jami'an namun daji suna rage shi da gangan.

A gida kuwa labarin ya juya. Fari, da gasar kiwo da dabbobin gida, da harbin sata da motoci da manyan bindigogi sun rage shi har ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa shi cikin dabbobin da ke fuskantar barazana, kuma haramun ne a taɓa shi a gandun Abzin da Tenere da aka kafa a 1988, da na Termit da Tin-Toumma da aka kafa a 2012. Saboda haka wanda ya gan shi a kan duwatsunku ya bar shi ya wuce.

Ga mai tambayarmu na Houston kuma, wannan rago yana duwatsun Davis da Chinati, kusa da garuruwan Alpine da Marfa, tafiyar kimanin kilomita 900 daga ƙofar gidanka. Teksas tana lissafa shi cikin baƙin dabbobi, don haka babu ƙuri'a, babu lokacin rufewa, babu ƙayyade adadi. Lasisinka da izinin mai ƙasa kawai ake buƙata, kuma tunda kusan duk ƙasar Teksas tana hannun masu gonaki ne, za ka biya 'yan dubban daloli. Masana dabbobi sun ce ya fi kusa da akuya, kuma ba ya cikin huɗun nan da mafarauta ke ƙirgawa, amma idonsa da hancinsa da irin dutsen da yake hawa za su gwada maka ƙafa da haƙuri kafin ka sa hannu a takardar Anchorage. Ka je tsakanin Oktoba da Maris lokacin da zafi ya sauka. Amurkawa da yawa suna raina naman tsohon ragon saboda taurinsa, amma gidan da aka iya dambun nama da kilishi ba za a bar ko tsoka ɗaya a dutse ba.